Likita Ya Hana Maigida Gishiri, Yara Sun Ƙi Miyata, Kyanwa Ta Kwanta

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Jos, 'ya'yana huɗu, babban shekararsa 13, autar watanta 9. Wata biyu ke nan da aka auna maigida aka ce hawan jini ne, aka ɗora shi a kan magani, likita ya ce a rage masa gishiri da magi. Tsoro ya kama ni, na daina sa su gaba ɗaya, na koma cika miya da albasa da tafarnuwa ko za ta yi ɗanɗano. Tun daga ranar gidan ba daɗi. Yara sun ce miyar lami ce, taliyar yara kawai suke nema. Hajiya, mahaifiyar maigida, tare muke zaune, ta ce zan ƙarasa mata ɗa da yunwa. Shi bai ce komai ba, amma ina jin ƙamshin tsire a jikinsa in ya dawo. Na duba waya ina neman abinci mai gina jiki marar sinadari, duk abin da na gani ya fi ƙarfin aljihunmu. Abincin da ya rage kuma kyanwarmu da karen gadi nake juye wa. Yanzu kwana uku kyanwar ba ta ci, ta yi laushi, dasashinta ya yi fari. Hajiya ta ce in ba ta madara da rabin farasitamol. Anti, na rasa inda zan sa kaina.
Maman Abba, daga Jos.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata.

Bari in fara da wadda ba za ta iya jira ba. Don Allah kada ki ba kyanwar nan farasitamol, ko ɗan ɓalli. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Madarar ma ki bari, yawancin kyanwoyi da sun girma cikinsu ba ya narkar da ita, zawo take sa su. Ki sa ta a kwando ko kwali mai huji, a kai ta wurin likitan dabbobi yau, ba gobe ba. Ku a Jos ba ku da uzurin nisa: akwai asibitocin dabbobi a cikin gari da Bukuru, ga kuma Vom a kusa da ku, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924.

Idan kin je ki faɗa wa likitan maganar albasa da tafarnuwa, domin zuciyata ta fi karkata can. Waɗannan biyun, da ganyen albasa ma, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa da na kare. Dafawa ba ta kashe dafin, soyawa ba ta kashe shi, busarwa ma ƙara masa ƙarfi take yi. Kuma ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwanaki a ga dabba ta yi sanyi, dasashi ya koɗe, numfashi ya yi sauri, wani lokaci fitsari ya yi ja ko ya yi duhu. Kyanwa ta fi kare saurin kamuwa. Duk da haka ban yanke hukunci daga nan ba, ƙuma da tsutsar ciki da maganin ɓera duk suna iya jawo ƙarancin jini, shi ya sa sai likita ya gani da idonsa. In kun taɓa sa maganin ɓera a gidan, ko maƙwabta sun sa, ki ambata. Kwana uku babu ci ba ƙaramin abu ba ne ga kyanwa, hantarta tana iya taɓuwa.

Kada ki zauna kina cin kanki da laifi. Kin ciyar da ita ne da abin da kike ba 'ya'yanki, ba ki san cewa abin da yake gyara gare mu guba ne gare ta ba. Amma daga yau kada sauran miya ya sake shiga kwanonta, ko na karen.

To, mu koma kicin.

Likita cewa ya yi a rage, ke kuma kika cire. Na fahimci dalili, duk macen da aka ce mata mijinta na cikin haɗari haka za ta yi. Ni ma lokacin da ciwon nan ya kama mahaifinmu haka muka yi a gida, muka wayi gari muna kai masa miya salam, har ya koma aiken yara su sayo masa balangu a ɓoye. Sai da muka yi watanni kafin muka gane cewa harshe horo ake masa, ba dole ba. Wanda ya shekara arba'in yana cin gishiri mai yawa ba zai ji daɗin rashinsa cikin dare ɗaya ba, amma in ana janye masa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni harshen yake sabawa, har ya koma jin abincin waje ya yi masa zau.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Na yara bai ma kai haka ba. Kuma wannan lissafin ya haɗa da wanda ba a gani. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Farin magi yana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ainihin abin da ke tayar da jini a cikin gishiri. Kanwar da muke jefawa a wake da miyar kuka ita ma sodiyam ce. Ga burodi, ga kifin gwangwani, ga garin da ke cikin ledar taliyar yara, ga uwa uba yajin tsire da na kilishi. Kin ga ke nan tsiren da maigida yake tsayawa ci a hanya yana iya mayar masa da duk abin da kika cire daga miya, har da riba. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: ba tukunya uku za ki riƙa ɗorawa ba, tukunya ɗaya ce, amma kowa da lokacin da ake ɗibar rabonsa. Mace mai goyo da yara uku da suruka ba za ta iya girki kashi-kashi kullum ba, ga tsadar gas ga tsadar gawayi. Jerin zuba kaya kawai za ki canza.

Ki ɗora namanki ko kifinki da ruwa zalla, babu albasa, babu komai. In ya yi laushi ki ɗebi na kyanwa da na kare tare da ɗan romon, ki ajiye gefe ya huce. Sun fita ke nan. Ki ƙara ɗibar ɗan romo da tsoka mai laushi domin autarki, ki dama mata da dafaffen dankali ko kabewa ko karas. Yarinya 'yar wata 9 ba ta buƙatar gishiri ko magi ko sukari, ƙodarta ba ta yi ƙwarin da za ta ɗauka ba, zuma kuma sai ta cika shekara. Daga nan sai ki saki hannu: albasa, tafarnuwa, citta, jajjagen tattasai da attaruhu, daddawa, duk abin da miyar take so. In ta nuna, ki ɗebi na maigida, ki barbaɗa masa ɗan gishiri kaɗan a sama. Gishirin da aka sa a ƙarshe ya fi fitowa a baki a kan wanda ya nutse tun farkon sanwa, don haka kaɗan yake isa. Sauran tukunyar ki sa mata magi, amma ba kamar da ba. In huɗu kike sawa, ki koma uku na sati biyu, sannan biyu, sannan ɗaya. Kada ki yi shela. Ranar da tukunyar gida ta sauko ta tarar da kwanon maigida, kin gama aikin. Wannan ba don shi kaɗai ba ne. Hawan jini yana bin dangi, Abba da ƙannensa jininsa ne, Hajiya kuma a shekarunta ita ma ya kamata a auna ta.

Ki daina zuba gishiri da hannu. Hannu ba ya da lissafi. Da safe ki auna na yini da cokali a ɗan kofi, in ya ƙare ya ƙare. Kuma ki ci gaba da sayen na leda mai sinadarin ayodin, saboda maƙoƙo da kuma ƙwaƙwalwar yara. Akwai wani gishiri da ake tallarsa wai na masu hawan jini, mai sinadarin fotasiyam. Kada ki saya sai kin tambayi likitansa, domin yana iya cutar da mai ciwon ƙoda, kuma ba ya jituwa da wasu magungunan hawan jini.

Yanzu maganar ɗanɗano, wadda ita ce ta raba ki da mutanen gidanki. Kin ce kin duba waya kin ga kayan da suka fi ƙarfinki. Ƙanwata, ki rufe wayar nan ki ɗauki kwando ki tafi Farin Gada. Rashin sani ne yake sa kaza ta kwana a kan dami. Kabeji da karas da koren wake da latas da dankalin turawa da ake lodawa a manyan motoci ana kai wa Abuja da Legas, daga ƙasarku suke fita, daga Bokkos da Mangu da kewayen Jos. Abin da matan Abuja suke saye da tsada bayan ya sha hanya ya yi yaushi, ke da raɓarsa kike samunsa. Ba ki buƙatar man zaitun. Man gyaɗa mai kyau da ɗan man ja sun isa, in dai ba a maimaita suya da mai ɗaya har ya yi baƙi.

Kafin magi ya shigo gidajenmu da me kakanninmu suke miya? Da daddawa. Kalwar ɗorawa ce aka dafa aka rufe ta ta ruɓa, kuma wannan ruɓar ce take fitar da ainihin ɗanɗanon da farin magi yake kwaikwaya. Busasshen kifi yana da shi, tumatir da aka soya ya ƙone ruwansa yana da shi, ƙashin da aka bari ya daɗe a wuta yana da shi. Ki daka daddawa da citta da masoro da kanumfari da 'yar kimba da busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ki tankaɗe, ki zuba a kwalba mai murfi. Wannan shi ne maginki. Sai dai ki tambayi mai daddawar ko tana sa gishiri, kifin kuma ki zaɓi banda, ba wanda aka jiƙa da gishiri ba. Albasa ma ba yawanta ne ɗanɗano ba, haƙurin suyarta ne. Ki rage wuta, ki bar ta har ta yi ja ta fitar da zaƙinta kafin ki zuba kayan miya.

Sannan akwai tsami. Mutane da yawa ba su lura cewa in miya ta yi lami, sau da dama ba gishiri take nema ba, ɗan tsami take nema. Yakuwa, tsamiya, matsin lemon tsami a kan kifi ko dafaffen dankali bayan an sauke. Shi ya sa nake ganin gwaten acha ya fi komai dacewa da gidanki a yanzu. Ki rege achar sosai saboda yashi, ki dafa ƙashi mai bargo har romon ya yi kauri, ki zuba jajjage da garin daddawarki, ki kawo acha, sannan yakuwa da alayyahu da gauta da ɗan kabeji a ƙarshe don kada su mutu. Tsamin yakuwa da ɗacin gauta suna cika baki har mutum ya manta bai ji gishiri sosai ba. Faten wake da alayyahu haka, faten dankali haka, kwaɗon zogale ko na rama haka. Wake kuwa ki jiƙa shi tun dare, zai nuna ba tare da kanwa ba.

Game da Hajiya, ina roƙonki kada ki ɗauki maganarta da zafi. Uwa ce ta ga ɗanta yana ture kwano, dole hankalinta ya tashi. Kuma ita ce babbar dukiyar da kike da ita a wannan al'amari, domin ta san miyar da ake yi kafin dunƙule ya zama ruwan dare. Ki same ta bayan la'asar, ki durƙusa ki ce, "Hajiya, ni fa abin ya gagare ni. Yaya kuke haɗa miyar kuka a da, lokacin da babu magi?" Za ki sha mamakin abin da zai fito: yadda ake daka daddawa da wake, lokacin da ake kaɗa kuka, ɗan man shanun da ake soyawa da albasa a zuba a kai. Ranar da miyar ta zama tata, ba za ta ƙara cewa ana kashe mata ɗa ba, ita za ta riƙa tsare shi ya cinye. Maganar farasitamol kuma ba sai kin yi musu da ita ba. Ki ce likitan dabbobi ne ya hana, ko ki bar ɗanta ya faɗa mata.

Shi kuma maigida, shirun nan nasa kara ce yake yi miki, ya ga kina wahala ba ya so ya ƙara miki. Ki saka masa da irinta. Kada ki tare shi da "na ji ƙamshin tsire." Ki bari ya ci ya huta, ki ce masa kin gane kin tsananta, kin canza dabara, kina neman ya ba ki wata guda yana cin na gida. Ranar Juma'a ko Asabar ki gasa masa nama da kanki, da yajin da kika daka da soyayyar gyaɗa da citta da barkono da masoro, ki yanka masa tumatir da kabeji da albasa a gefe. Namiji in ya san akwai gashi a gida, ƙafarsa ba ta cika tsayawa a bakin titi ba. Karin safe ma ki rage burodi, ki riƙa kawo kunun acha ko na gyaɗa da ƙosai, ko dankali da ƙwai. Zoɓo marar sukari da yawa yana da kyau, ya fi lemon kwalba nesa ba kusa ba, tunda kwalba mai santilita 50 tana iya ɗaukar sukari sama da giram 50. Amma ki ji ni da kyau: zoɓo da tafarnuwa da zogale ba sa maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta. Ya ci gaba da sha kullum ko ya ji garau, ya riƙa zuwa awo. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna.

Yara ba su da wuya kamar yadda kike zato. Kada ki haramta taliyar, haramci kwaɗayi yake ƙarawa. Ki tsayar mata da rana ɗaya ko biyu a mako, ki sa rabin garin ledar, ki cika ta da kabeji da karas da ƙwai. Abba ya kai ya riƙe miki kwando a kasuwa, ƙannensa kuma su gyara wake su tsinke zogale. Yaro ba ya cika raina abincin da hannunsa ya taɓa.

Saura abincin dabbobin bayan kyanwar ta tashi, in Allah ya yarda. Kyanwa ba ƙaramin kare ba ce. Halittarta ta cin nama ce, tuwo da shinkafa ba sa riƙe ta. Akwai wani sinadari da ake kira taurin wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshe, sai daga nama, kuma rashinsa yana jawo makanta da ciwon zuciya. Abin daɗin shi ne yana da yawa a kayan da ba su da tsada: zuciya, ƙundun kaza, cinyar kaza, kifi. Ki yi magana da mahaucinki ya riƙa ajiye miki zuciya da guntattaki. Ki dafa da ruwa kaɗan ki ba ta har da romon, domin sinadarin yana zubowa cikin ruwan dahuwa. Kifi a dafa a cire ƙaya, ƙwai a dafa. Hanta kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako, yawanta yana cutarwa. Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba ita ce, da wuya girkin gida shi kaɗai ya cika wa kyanwa duk abin da jikinta yake nema, musamman abin gina ƙashi. Ki tambayi likitan abin da za ki ƙara mata, in kuma da hali ki riƙa haɗawa da abincin kyanwa na leda.

Kare ya fi sauƙi. Yana cin tuwo da shinkafa da dafaffen dankali da kabewa da karas, in dai an haɗa masa da nama ko ƙwai ko kifi mai ɗan yawa, ba gayan tuwo da romon wanke tukunya ba. Ɓawon ƙwai da kike zubarwa, in an tafasa an busar an daka ya yi laushi, yana ba shi abin ƙarfafa ƙashi, likita zai faɗa miki ma'aunin daidai girmansa. Shi ma tun watanni biyu yake cin albasar nan, don haka ki ɗaga leɓensa ki duba dasashinsa, in ya koɗe a tafi da shi tare. Kada a ba shi dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Ki gargaɗi yara kan cakulan da inabi da zabibi, ki kuma lura da inda Hajiya take ajiye goronta. Dankalin da ya yi kore ko ya tsiro ba na mutum ba ne, ba na dabba ba.

Akwai wata al'ada da nake so mu bari, ta cewa abin da ya lalace a ba kare. Da damina a Jos masara da gyaɗa suna saurin yin fumfuna, kuma wannan fumfunar tana haifar da guba mai cin hanta wadda wuta ba ta kashewa. Kare yana cikin dabbobin da ta fi yi wa illa. Abin da ba za ki ba Abba ba saboda ya ruɓe, ki binne shi. Wannan dabba tana kwana a waje cikin sanyin Disamba tana tsare muku gida, tana da haƙƙi a kanku. Mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Ki ware masa kwanonsa daban da na gida, ruwa mai tsabta kullum, da buhu ko tsohon bargo a inda iska ba ta bugawa.

Tunda za ki je wurin likitan, ki tambaya yaushe rabon da a yi wa karen allurar riga-kafin ciwon hauka. Duk shekara ake sabunta ta, kyanwar ma ana yi mata, kuma a gidan da yara suke wasa a tsakar gida ba abin sakaci ba ne. A ba su maganin tsutsa, a duba kaska da ƙuma.

Ki tashi ki nemi kwandon nan yanzu. In kin dawo ki jiƙa wake, gobe ki fara da fate. Bayan wata guda ki rubuto min abin da awon maigida ya nuna, da abin da likita ya gano a jikin kyanwar. Allah ya ba Baban Abba lafiya, ya tashi kafaɗun kyanwar, ki gaishe min da Hajiya.